Muryar Kakana a Kwalbar Miya

Wata daga cikinku ta rubuto min cewa in daina kewaye-kewaye, in fito fili in faɗi abin da ya hana ni kai saurayina gida har wata goma sha ɗaya. To baiwar Allah, gyara zama. Ba fuskarsa ba ce, ba halinsa ba ne, ba kuma don ba jinin Italiya ba ne, ko da yake a kan wannan ma 'yar'uwar babana tana da abin cewa. Laifi ne ya hana ni, kuma babban rabon laifin nawa ne.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Tiziana. Shekarata ashirin da bakwai, ina gwada wa mutane tabarau a wani shago a Coburg, kuma har yau ina kwana a ɗakin da na girma, a gidanmu na Fawkner da ke arewacin Melbourne. A danginmu mace ba ta kama haya. Ko dai ta fita da farar rigar amarya, ko ta zauna ana tambayarta kullum ina aka kwana.

Kakana, wanda muke kira Nonno Turi, ya zo ƙasar nan daga Calabria yana ɗan shekara ashirin da biyu. Ya yi shekara hamsin da tara a cikinta, amma Turancinsa bai taɓa saukowa daga jirgin ruwan da ya kawo shi ba. Ba ya barin kalma ta ƙare haka kawai, sai ya ɗaura mata 'yar wutsiya. Wasu kalmomin kuma sai ya yi ta kaɗa su a baki har ka tausaya wa harshensa. Ga haƙoran roba da aka sa masa waɗanda ba su taɓa zama daidai ba, saboda haka wani siririn fito yake bin maganarsa duk inda ta je. Kafin ya faɗi abin da yake ganin muhimmi ne kuwa, sai ya yi gyaran murya sau biyu, ƙanana, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

A gidanmu kowa yana kwaikwayonsa. Tun yana raye ake yi, a gabansa, shi kuma ya jefe ka da ɓawon burodi. Dokar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: ɗan gida ya yi, ƙauna ce, baƙo ya yi, zagi ne. Mutum ɗaya ne kawai ba ya yi, babana Saverio. Shi Turancinsa ya fi na 'yan ƙasa zama na 'yan ƙasa. In ka ji shi a waya yana faɗa da masu kawo masa siminti, za ka rantse kakanninsa a nan suka yi kiwon tumaki. Da an fara kwaikwayon sai ya tuna akwai abin da zai duba a lambu. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Mu dangi ne da za a tare ka a coci a tambaye ka me ya sa ka rame, me ya sa matarka ba ta haihu ba, amma ba za a taɓa tambayarka me ke ci maka rai ba.

Yanzu sai Fergus. Dogo ne, mai jan gashi, irin mutanen da rana ke ƙonawa ko ta taga ta leƙo su. Tabarau ya zo saya, ya dawo sau uku wai suna zamewa, alhali ni na san aikina. Sana'arsa murya. Shi ne mutumin da yake gaya muku a rediyo an yi ragin katifa, shi ne kuma karen nan mai magana a tallan maganin ƙuma. Ina sonsa, kuma na faɗa ne yanzu don kada anjima ku ce ban faɗa ba.

Wata Lahadi da rana, a bara, na je wurinsa na tarar yana ta ihu shi kaɗai yana kaɗa hannuwa. Wai wani kamfanin miyar tumatir ta kwalba ne yake neman muryar tsohon ɗan Italiya don talla, za a gwada mutane washegari. Abin da yake yi irin na 'yan barkwancin talabijin ne, wanda ba ɗan Italiyan da ya taɓa magana haka tun da aka halicci taliya. Da na yi shiru da na huta. Amma girman kai ya ci ni, na ce masa matsa ka ga yadda ake yi. Na yi masa Nonno. Na buɗe wayata na nuna masa bidiyoyin bikin haihuwa da na Kirsimeti. Awa uku ina koyar da shi, inda zai ja, inda zai sassauta, yadda zai sa harshe bayan haƙori fiton ya fita. Har maganar da Nonno yake yi mana duk shekara na ba shi kyauta: a hankali, a hankali, tumatir ba ya son mai gaggawa.

Ya tambaye ni ko na tabbata ba komai. Na ce masa, "Wa zai ji?"

Duk jihar ta ji. Tun watan Nuwamba ake sa tallan bayan labarai, a tashar da babana yake kamawa a motar aikinsa da kuma gareji. Abin da ya rufa min asiri shi ne Baba bai taɓa jin sa har ƙarshe ba. Da kiɗan farko ya tashi, wannan molon da ake sa wa duk abin da ake so a ce na Italiya ne, hannunsa ya kai kan rediyon. Ranar farko ina wurin. Ya kashe, ya koma kan kofinsa, ya ce duk ranar da Allah ya haɗa shi da wanda ya yi wannan abu, a harsashin gini zai zuba shi. Na ce masa gaskiya mutane ba su da tarbiyya, na miƙa masa sukari.

Ana cikin haka Zia Mimma, yayar babana, ta samo min miji. Sunansa Gaetano, mai shagon magani, iyayensa 'yan ƙauyen su Nonno ne. Zia tana lissafa min kyawawan halayensa kamar mai tallan gida: ba ya shan taba, yana da gareji biyu, yana kai uwarsa kasuwa duk Asabar. Mama ta gaji da ni, ta ce ko dai in kawo wannan Fergus ɗin da nake ɓoyewa ranar tumatir, ko kuma Gaetano ya zo. Na ce zan kawo shi. Zia ta ce madalla, ta gayyaci Gaetano duk da haka.

Ranar tumatir ita ce Asabar ta ƙarshen Fabrairu, lokacin da zafi ke shirin sallama. Dangi duka suna taruwa a garejinmu a haɗa miyar da za a ci shekara. Wanda ka kawo ranar, ka gaya wa duniya ke nan da gaske kake yi. Ga saƙonnin da muka yi da Fergus ranar Juma'a, ban gyara komai ba:

Ni: Ka sa tsofaffin kaya. Kada ka cika magana. In an tambayi aikinka ka ce kana gyaran sauti a gidan rediyo.

Fergus: Wannan ƙarya ce.

Ni: Ƙarama ce. Za ta girma tare da 'ya'yanmu.

Fergus: In kawo wani abu?

Ni: Kawo kanka. Kuma kada ka kaɗa hannu in kana magana.

Ƙarfe bakwai na safe ya iso cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido. Tsofaffin kaya a wurinsa na nufin abin da ya saya bara. Ni kuwa na sa baƙar rigar wasanninmu ta sakandare da wandon da ya riga ya sha tumatir shekara biyar, na ɗaure kaina da ɗankwalin kakata Nonna mai furanni. Amma na shafa jan baki, na kuma sa 'yan kunnena na zinariya, don ko miya za ki yi, in dai maza biyu za su zo dominki, sai ki fito da mutuncinki. Gaetano ya riga shi zuwa da minti ashirin. Ya zo da rigar aikinsa ta roba da wuƙarsa ta kansa a cikin kube.

Garejinmu bai taɓa ganin mota ba. Akwai murhu, akwai firji biyu, akwai dogon tebur, akwai hoton Uwargida Maryamu a saman famfo, akwai tsohon rediyo can sama kan kanta inda yara ba sa kaiwa. Falon cikin gida mai kujerun da aka lulluɓe da leda na baƙi ne, baƙin kuma ba su taɓa zuwa ba. A gareji muke rayuwa. Kowa kuma ya san wurinsa ranar tumatir. Kakata Nonna Assunta tana kan kujerarta a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba tun rasuwar mijinta, kowane tumatir sai ya bi ta hannunta ta juya shi ta yanke masa hukunci. Mata suna yanka. Maza suna kan tukwane da injin matsa. Baba yana da gangar da ake dafa kwalabe a ciki bayan an cika su, ba mai taɓa masa ita. Sabon shiga kuwa, ko likita ne, kwalba zai wanke ya jefa ganyen ɗoɗɗoya guda a kowace.

Fergus ya gaishe da kowa da hannu biyu. Baba ya dubi rigar, ya dubi ni, ya nuna masa bahon kwalabe. Nonna ta ce a yarenmu wannan yaron a ajiye shi a inuwa kada ya nuna kafin tumatir. Carmelo, ɗan Zia Mimma, wanda ya girme ni da shekara uku kuma ya fi kowa iya kwaikwayon Nonno har yana sa bidiyonsa a intanet, ya fassara masa cewa Nonna ta ce yana da kyau.

Zia ta jawo kujerarta kusa da bahon. A cikin minti goma ta gano cewa iyayen Fergus sun rabu, cewa uwarsa tana dafa taliya ta karya ta biyu, cewa gidan haya yake zaune tare da kyanwa. Duk amsar da ya bayar sai ta juyo ta dube ni da tausayi. Da ta kai kan aiki, ya ce yana aiki da gidajen rediyo, ya tsaya nan. Ban ji daɗin yadda ya datse ƙaryata ba. Zia ta ce Gaetano ma yana da rediyo a shagonsa.

Har wajen ƙarfe sha ɗaya komai lafiya. Farar rigar ta zama abin da kuke zato. Fergus ya wanke kwalba ɗari da wani abu bai fasa ko ɗaya ba, har na ga Mama ta kai masa kofi da hannunta, abin da ba ta yi wa mijin yayata ba sai a shekara ta biyu. Na fara tunanin launin kayan ƙawayen amarya.

Sai injin matsa ya toshe, Carmelo ya kashe shi don ya duba. Garejin ya yi tsit a karo na farko tun asuba. Labaran ƙarfe sha ɗaya suka ƙare. Molon nan ya tashi.

Baba yana tsakiyar gareji, shi da Gaetano, wanda Zia ta hana a ɗauke shi sabon shiga, sun ɗauko babbar tukunya cike da tafasasshen tumatir, kowa ya kama kunne ɗaya. Ba halin saki. Ya ce a kashe wannan abin. Duk hannun da ke wurin ja ne jagab, rediyon kuma yana can sama. Ni ce mafi kusa, na miƙe, ƙafata ta harɗe da bokitin ɓawo. Kafin in kai, daga saman kanta aka yi gyaran murya sau biyu, ƙanana. Sannan kakana ya gaya wa jama'ar jihar Victoria, da fitonsa da komai, cewa a hankali, a hankali, tumatir ba ya son mai gaggawa. Wata mata ta biyo baya ta ce ana samun miyar a duk manyan kantuna.

Nonna ba ta ɗago kai daga tumatirin da ke hannunta ba. Ta ce, "Turi ne."

Baba ya ajiye tukunyar a hankali, kamar yadda aka umarce shi. Ya goge hannunsa a tsumma, yatsa bayan yatsa. Bai dubi Fergus ba, don me zai dube shi? Sai ya juya kan Carmelo.

"Wa ka kai wa ubana?"

"Zio, wallahi ban san komai ba," in ji Carmelo ga kawun nasa.

"Fiton nan ba a san shi a waje ba. Maganar nan a garejin nan kawai ake yin ta. Kai ne kake ɗaukar sa kana sa wa duniya tana dariya. Cire rigar aikin, ka fita min."

Zia Mimma ta miƙe da wuƙa a hannu, ba don komai ba sai don ta manta tana riƙe da ita. Ta ce in ɗanta ya fita ita ma ta fita, kuma sai dai a kira ta jana'iza. Wannan ba barazanar banza ba ce. Ita da Baba sun taɓa yin shekara uku ba sa magana a kan reshen lemun tsami, Nonna ce ta sha wahalar zuwa Kirsimeti biyu kowace shekara.

Ina so in gaya muku nan take na buɗe baki. Ban buɗe ba. Na koma na zauna, na ɗauki tumatir na raba shi huɗu, na ɗauki wani. Ina kallon Carmelo yana kwance igiyar rigarsa, ni kuma abin da ke raina shi ne ai Carmelo yana da faɗin kafaɗa, zai iya ɗauka. Kunyar wannan minti ɗayan ta fi min kunyar komai.

"Ni ne, Mista Cutrì," in ji Fergus daga wajen baho, yana duban Baba. "Muryata ce. Sana'ata ke nan."

Ya tsaya da kwalba a hannu ɗaya, ganye a ɗayan. Bai ambaci sunana ba, kuma na san ba zai ambata ba ko za a kwana ana tambayarsa. Wannan ne ya tashe ni.

"Ni na koya masa, Papa. Ni na ba shi bidiyoyin. Ni na ba shi maganar."

Zia ta zauna. Ta dubi Gaetano irin kallon da ke cewa ka gani ko, sannan ta tuna ni ce take son ya aura, sai ta mayar da kallon kan Mama.

Baba ya tako har gaban Fergus. Kansa bai wuce kafaɗar Fergus ba. Ya ce masa, "Yi mu ji."

Fergus ya dube ni, ni kuma na dubi siminti. Ya yi. Bai ɗaga murya ba, bai kaɗa hannu ba, ya yi shi tsaf yadda na koya masa. Ba wanda ya yi dariya.

"Ka yi sauri a ƙarshe," in ji Baba. "Ba ya gudu da kalmar ƙarshe. Yana ajiye ta ne."

Sai babana ya yi gyaran murya sau biyu. Shekara ashirin da bakwai ina gidan nan ban taɓa jin ya gwada ba. Abin da ya fito daga bakinsa ba kwaikwayo ba ne. Mu duka, da ni da Carmelo da Fergus, wasa muke yi ashe. Har ɗan numfashin da Nonno yake ja a tsakiya, wanda ni na manta da shi, yana nan. Mama ta juya ta fuskanci famfo. Carmelo, ƙaton mutum mai gemu, ya sa gefen rigarsa a ido ya shafa wa fuskarsa tumatir. Ni kuwa na ji kewar kakana ta danne ni yadda ba ta yi ba ko ranar da aka binne shi.

Baba ya koma muryarsa ta kullum. Ya gode wa Fergus da wankin kwalabe, ya ce ya yi aiki mai kyau, ya ce kuma ya ɗauki motarsa ya tafi. Fergus ya ajiye kwalbar, ya jefa mata ganyenta, ya yi wa Nonna sallama, ya fita. Gaetano ya tambaya ko ya kunna murhu na biyu.

An ci gaba da aiki, don tumatir bai san an yi rigima ba. An ci abincin rana, taliya da miyar farko, ba a ji komai sai cokula. Baba ya zuba wa Carmelo da hannunsa, ya ƙara masa, wannan ita ce ban-haƙurin da zai samu kuma ya karɓa.

Da la'asar aka jera kwalabe a ganga, aka sa tsofaffin buhuna a tsakaninsu, aka hura wuta. Baba yana zaune shi kaɗai a kan bulo yana gadi. Na kai masa ruwan sanyi na tsaya. Ya tambaye ni abu ɗaya: lokacin da nake koya masa, ina dariya?

Na ce, "Na yi dariya, Papa."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ba ni labarin da ko Mama ba ta sani ba. Yana ɗan shekara tara, Nonno ya tafi da shi wani ofis neman takardar izinin gina garejin nan. Kullum shi yake yi wa ubansa tafinta, amma ranar Nonno ya ce da bakinsa zai yi magana, ya yi mako guda yana haddace jimlarsa a gaban madubi. Ya sa kwat ɗinsa ta coci. Da ya gama faɗa, ma'aikacin ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ji, ya maimaita masa jimlar da muryar Nonno. Suka yi dariya. Nonno ma ya taya su, don yana son takardar.

"A hanyar gida ya saya min alawa," in ji Baba. "Na ga ya yi shiru, na ce bari in sa shi dariya. Sai na yi masa yadda mutumin ya yi. Na iya sosai. Ya kuwa yi dariya." Ya tura itace cikin wutar da ƙafarsa. "Irin wadda ya yi wa mutumin ya yi min."

 Na ce ya yafe min, ya ce ba shi na yi wa ba. Ya ce ni ba yarinya ba ce, ba zai zaɓa min miji ba, kuma yaron ya fi ni gaskiya, abin da bai ji daɗin gani ba. Amma muddin muryar ubansa tana sayar da miyar kwalba, kada Fergus ya sake taka masa siminti, kada kuma a kawo masa maganar aure. In an cire, ya dawo baɗi ya wanke kwalba, a gani.

Na shiga gida na duba wayata. Saƙo ɗaya ne daga Fergus.

Fergus: Wa'adin tallan zai ƙare ƙarshen wata, suna so a sabunta. In na ce a'a dole su cire. In kira su Litinin? Ke nake jira.

Kun ga ai magana ta ƙare. Na jingina da bango na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na fara rubuta masa eh, sai na ji Nonna tana kirana daga ɗakinta.

Ɗakin Nonna yana ƙarshen gidan. Gado ne mai farin mayafi da ta saƙa da hannunta, da hoton aurensu, da kyandir ɗin lantarki a gaban hoton, da kwalaben magani a jere. Ta cire takalmi ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi. A cinyarta akwai wani ɗan ƙaramin rediyo mai batir wanda ban san tana da shi ba. Ta ce in rufe ƙofa.

"Yaron nan mai jan kai," in ji ta. "Ubanki zai ce a cire. Ki gaya masa kada ya taɓa."

Na ce mata Nonna, ai mun yi zaton ranki ne ya ɓaci.

Ta ce tun Nuwamba take ji. Yana zuwa bayan labaran bakwai, da na sha ɗaya, da na biyar, ranar Lahadi kuwa sau ɗaya tak, don masu rediyon ba su da tsoron Allah. Ta ce tun ranar farko ta san daga bakina ya fito, Carmelo bai taɓa iya fiton ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta dube ni kamar tumatirin da ya ruɓe ta gefe ɗaya.

"In faɗa a cire?"

Ta ce miyar dai ba ta ciyuwa, ta sa maƙwabciya ta sayo mata a ɓoye, ta ɗanɗana, ta zuba wa kaji. Amma shekara huɗu ke nan kowa a gidan nan cewa yake ta yi sauri, ta sha magani, ta shiga mota, likita na jira. Mu in mun yi muryarsa, a tebur muke yi, mu yi dariya, mu wuce. Wannan kuwa yana shigowa har ɗaki lokacin da ba kowa.

"Shi kaɗai ne ya rage mai ce min a hankali," in ji ta.

Na ce mata in ba a cire ba Papa ba zai yarda da Fergus ba. Ta ce ta sani, tana da kunne, tagarta a kan gangar take. Ta ce ni yarinya ce, ina da lokaci, ita kuma shekararta tamanin da uku. Ba ta roƙe ni ba, Nonna ba ta roƙo. Ta ɗaga hannu ta dubi agogon Nonno da ke yi mata yawa a wuyan hannu, ta murɗa rediyon ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji daga lambu ba.

"Fita yanzu, ki ja min ƙofa. Saura minti huɗu."

Na fita na ja mata ƙofa. Na tsaya a baranda da wayar a hannuna, eh ɗin da na fara rubutawa yana nan ban aika ba. Ta taga ina hango Baba a kan bulonsa yana kallon wuta. Ta bayan ƙofa kuma na ji mai labarai ya fara karanta yanayin gobe, wai za a yi zafi. Yau Lahadi, kuma har yanzu ban ba Fergus amsa ba.